Finjalin da Taubashina Ya Cika wa Baba

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu na unguwar Zahir waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma yammacin da taubashina ya zo neman auren ƙanwata, ya kwaso al'adar mashayar Ayalan ya kawo mana ita har tsakiyar falon Baba, wannan kam ba zan manta da shi ba ko da tsufa ya kwashe mini komai. Shekaru sun ja, amma har yau in na ɗauki butar gahawa zan zuba wa baƙo, sai na cije leɓe don kada dariya ta kwace mini.

Bari in fara da wane ne wane. Ni a Makka aka haife ni, a nan na girma, kuma sana'ata tuƙi. Lokacin aikin Hajji ina jan bas, sauran shekara ina ɗaukar masu Umara a 'yar motata. Baba ya shigo ƙasar nan tun yana yaro, shi da iyayensa, ta Chadi da Sudan, suka baro yayarsa a Kano tana ɗakin mijinta. Ita ce Gwaggo, autanta kuma shi ne taubashin nan nawa. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun ranar da muka fara haɗa ido kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma duk tsiyar da ɗaya ya shuka wa ɗaya ba inda za a kai ƙara.

Karatu ne ya kai shi Dablin, babban birnin ƙasar Ayalan. Ya gama, ya samu aikin kwamfuta, ya yi zamansa. Da ƙanwata kuwa a wani biki suka haɗu da muka je Kano, daga nan waya ta ɗauki zafi. Duk gidan an sani, Baba ma ya sani, ya yi kamar bai sani ba. Da Gwaggo ta taɓo masa zancen sai ya ce shi ba ya ba da 'ya ta waya, yaro ya zo ya gan shi da idonsa. To Baba mutum ne mai magana ɗaya, kuma abin da yake dubawa a jikin mutum ba kuɗi ba ne, ladabi ne. Akwai wani ɗan masu hali da ya taɓa zuwa neman yayarmu, Baba ya sallame shi don kawai ya amsa waya ana tsakiyar gaisuwa. Ƙanwata ta san wannan sarai. Ta kuma san in Baba ya ce a'a, ko Gwaggo ta taso daga Kano a ƙasa ba zai sauya ba. Ita kuwa ta riga ta kori duk masu zuwa wurinta saboda wannan mutum ɗaya.

Ya iso, na ɗauko shi daga Jidda, na sauke shi a wani masauki a Aziziyya. Ya yi Umararsa cikin natsuwa har da hawaye, na ce a raina lallai bawan nan nawa ya shiryu. Ashe ban ga komai ba. Washegari da na fita da shi ganin gari, sai baki ya buɗe. Na kai shi wurin mai sobiya, abin shan nan namu mai kama da kunun zaƙi, na saya masa mai sanyi, ya kurɓa ya ce da daɗi, amma ina wurin zama? Na kai shi shagon shayi da na'ana'a, ya ce ba laifi, sai dai fitilun sun cika haske, kujerun kuma na roba ne. Da muka koma mota na ce masa, to ranka ya daɗe, wane wuri ne ya taɓa yi maka a duniya? Sai ya gyara zama ya ce ai in ana maganar wurin hira, duk duniya a bayan mashayun Ayalan take.

Saura kaɗan in hau bayan motar da ke gabana.

"Mashaya? Ta giya?"

"Kai dai baƙauye ne," in ji shi. "Ni ba na sha, Allah shi ne shaidata, lemo nake sha. Amma can mashaya ba wurin sha ba ce kawai, ita ce zauren unguwa. Ranar da Allah ya kawo ka Dablin sai na zaga da kai ka ga duniya."

Daga nan ban sake samun sararin magana ba. Ya ce akwai wata kusa da kogi da masu ita ke rantsuwa ta fi kowace tsufa a garin, rufinta ƙasa-ƙasa, dogo sai ya sunkuya. Akwai wata a jikin katangar maƙabarta, ba talabijin ba kiɗa, hira zalla. Akwai wadda ake zuwa don kallon ƙwallo, in an zura sai ka ji daɓen yana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Akwai kuma ta masu goge da sarewa, waɗanda ba wanda ya gayyace su, kowa ya zo da abin kiɗansa ya samu kusurwa ya zauna. Ya kwatanta mini katakon da ya yi baƙi don tsufa, da murhun wuta a jikin bango, da tsofaffin da kowannensu ke da kujerarsa da ba mai taɓawa. Ya ce na tsakiyar gari na 'yan yawon buɗe ido ne, tsada kawai, na ƙwarai suna cikin unguwanni. Duk wannan fa a cikin Makka, muna hango hasumiyar agogo ta gilashin mota. Na ce masa don Allah ya rage murya, kada ƙasa ta tsage da mu a tsakiyar titi.

Abin da ya fi tafiya da imaninsa kuwa shi ne abin da ya kira zagaye. Wai in kun zauna a tebur ɗaya, mutum guda zai tashi ya sayo wa kowa. In an shanye, wani ya tashi ya sayo, haka har a zagayo. Ba a ƙin abin da aka miƙo maka, kuma ba a tashi sai ka rama naka. Wanda ya sha na mutane ya sulale, sunansa ya ɓaci ke nan a unguwar. Ya maimaita mini wannan har na haddace, kuma duk lokacin da zai faɗa sai ya dube ni kamar ni ne na taɓa shan na mutane na gudu.

Ana gobe zai zo gaban Baba, ƙanwata ta tare ni a ƙofar kicin. Ita Hausarta rabi Larabci ce, irin ta yaran da aka haifa a nan.

"Yaya, Allah ya bar mana kai, ka koya masa komai. Yadda zai zauna, yadda zai karɓi gahawa, kulli shai. Kuma zancen mashayar nan, halas, kada ya fito daga bakinsa."

"Ashe ke ma ya ba ki labarin."

"Har na gaji da ji. Amma wallahi ba ya sha. Yaya, ka san halin Baba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, kuma a lokacin da zuciya ɗaya na faɗa. Da rana ta yi sanyi na ɗauki dalla, wato butar gahawa, da finjalai, na ɗauke shi muka tafi Muzdalifa. In ba lokacin Hajji ba wurin fili ne fetal, mutanen gari kan je su shimfiɗa tabarma su sha iska. Muka samu gefe muka zauna.

Ga wanda bai san gahawarmu ba, ba baƙa ba ce irin ta Turawa. Ruwan ɗorawa ce, da ƙamshin hel, wani ɗan kayan ƙamshi irin su kanumfari, ba sukari, da dabino ake shanta. Mai zubawa a tsaye yake, dalla a hagu, finjali a dama, kuma ba ya cika finjali, ɗan kaɗan yake zubawa a gindinsa don baƙo ya daɗe ana ƙara masa. In ka cika wa mutum finjali fal, to ka ce masa ya sha ya tashi ya ba ka wuri. Sa'annan muddin ka miƙo finjali haka kawai, za a sake zuba maka. In ka ƙoshi, sai ka ɗan girgiza shi a tsakanin yatsu kafin ka miƙa. Wannan ko yaron goye a Makka ya kusa sani.

Na fara masa da zama, kada tafin ƙafa ya kalli babba. Na ce da dama ake karɓa. Na ce waya a kashe ta tun daga waje, zancen mashaya kuma a binne shi a Aziziyya. Duk ya gyaɗa kai. Ina shirin shiga maganar girgiza da ta cikawa ke nan, sai ya ɗaga mini hannu.

"Bawana, huta. Ni da na zauna da mutanen da suka fi kowa sanin ƙa'idar kofi, kai ne za ka koya mini shan abu a wannan ɗan murfin kwalbar?"

Na dube shi, na dubi finjalin. Wani abu ya ce mini rufe bakinka, na kuwa rufe. Na ce masa gaskiyarka, ai kai malami ne. A raina na ƙudurta zan bar shi ya yi ta sha har sai ya gane Makka ma tana da nata karatun, in ya jigata in cece shi. Iyakar shirina ke nan. Cikinsa na nufa, ban nufi aurensa ba.

Ranar ta zo. Bayan la'asar ya shigo cikin sabuwar jallabiya fara, ko layin ninki bai fita daga jikinta ba. Baba yana zaune a wurinsa, kusa da shi maƙwabcinmu, wani tsoho Basakkwace mai sayar da turare, abokinsa tun suna samari, wanda ba a yanke wata magana a gidanmu sai yana wurin. Taubashina ya durƙusa ya gai da su, gaisuwa mai kyau, har na ga Baba ya ɗan saki fuska. Ni kuma na shigo da babbar dallar gidan, wadda sai da Sallah ake fito da ita.

Na zuba wa Baba, na zuba wa tsohon, na zuba wa baƙo. Ya karɓa da dama, ya kurɓe a shan farko, ya miƙo. Na ƙara. Baba ya sha nasa ya girgiza, tsohon ma ya girgiza, amma duk bai gani ba, don ladabi ya sa ya kafa idonsa a kan darduma. Da ya ɗaga kai sau ɗaya da ya tsira. Ya miƙo, na ƙara. Ya miƙo, na ƙara.

Baba ya fara tambayarsa lafiyar Gwaggo, da aiki, da yadda suke azumi a ƙasar da rana ba ta son faɗuwa. Yana amsawa yana sha. Can na daina ƙirgawa. Na'urar sanyi tana aiki, amma gumi ya keto masa a goshi. Gwiwarsa ta fara rawa a ƙarƙashin jallabiya, maganarsa ta fara sauri kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya gwada riƙe finjalin a hannu ya ƙi miƙowa, sai na zo na tsaya a kansa na miƙa hannu cikin ladabi, dole ya ba ni. Ya ɗago ya dube ni da idon roƙo, ni kuma na shiga nazarin fankar da ke rufi. Tsohon Basakkwace ne ya fara ganewa. Ya dube ni, ya dubi yaron, ya shafa gemu don ya ɓoye bakinsa.

"Ma sha Allah, wanga yaro na son gahawa," in ji shi. "Ƙara mishi."

Na ce to, Baba, na ƙara mishi. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya cika ni har wuya. Duk mashayar da ya jera mini a mota, sai da na zuba mata nata finjalin.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutumin yana tunani. Daga baya ya ba ni labarin abin da ke yawo a kansa a lokacin. Ya ce ya ga yana ta shan na mutane bai rama ba, ya ga Kawunsa da tsohon sun daina sha sun zuba masa ido, sai ya yanke cewa jarrabawa ce, ana so a gani ko shi mai sulalewa ne. Kuma a iya saninsa, abin sha ba ya tsayawa sai kowa ya yi zagayensa. Don haka ina miƙa hannu zan karɓi finjali, sai kawai ya miƙe tsaye.

"Kawo, zagayena ne."

Kafin in gane abin da ke faruwa ya zare dallar daga hannuna, da hannun dama ma. Ya ɗauki finjali daga faranti, ya nufi Baba, ya tsiyaya masa har sai da gahawa ta kai baki tana neman zuba, ya miƙa. Baba ya karɓa, don ba a barin hannu a miƙe. Ya juya ga tsohon ya cika masa nasa fal. Sa'annan ya ja da baya ya tsaya yana murmushi, irin na wanda ya fita kunyar jama'a.

Daɗin nan da ya cika ni ya zube gaba ɗaya. A bayan ƙofar da ke shiga cikin gida na ji an ja numfashi, na kuma san ko wace ce. Baba ya ajiye finjalin a kan darduma a hankali don kada ya zube, ya dubi abokinsa.

"Yau ga ni a gidana an ce in sha in tashi."

Taubashina bai gane ba, ya dube ni. Tsohon ne ya yi masa bayani a taƙaice, wannan karon ba dariya a gemunsa. Ina kallo murmushin ya bar fuskar bawan Allah. Ya ajiye dallar ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Kawu, wallahi ban sani ba. Karamci na nufa."

"Tayyib. A ina ka koyi wannan karamcin?"

Ina tsaye a bayan kafaɗar Baba, na shiga yi masa inkiya da ido, da gira, da baki. Ka ce Kano. Ka ce a jirgi. Ka ce a wurin aiki, ka ce komai. Ya gan ni sarai. Ya sauke kansa ƙasa.

"A mashaya, Kawu. A Dablin."

Na ce a raina shi ke nan, an gama. Na fara tunanin yadda zan haɗa ido da ƙanwata har ƙarshen rayuwata.

"Ta giya," in ji Baba.

"E, Kawu."

"Kana sha?"

"Ban taɓa ba, ko ɗigo."

"To me ya kai ka?"

Ban sani ba ko gahawar ce ta kwance masa harshe, ko kuwa ya ga ba sauran abin ɓoyewa. Ya ce shekararsa ta farko a can, lokacin sanyi, kafin la'asar duhu ya rufe. Daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai aiki, sai a yi kwana da kwanaki ba wanda ya kira sunansa in ba a waya ba. Masallaci da nisa, sai Juma'a yake samun zuwa, ana idarwa kowa ya kama gabansa. Ya ce zazzaɓi ya taɓa kayar da shi, ba wanda ya sani, sai wani tsoho Bature da ke zaune a ƙasan benensu ya lura bai ji takunsa a matakala ba, ya hau ya buga ƙofa, ya kai shi asibiti. Da ya warke, tsohon ya ja shi mashayar da ke bakin layinsu, ya zaunar da shi kusa da wuta, ya sayo masa miya da lemo, ya ce wa duk mutanen wurin wannan yarona ne, ba ya sha, kada wanda ya miƙa masa. Tun daga ranar, in ya shiga sai an tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa.

"Na san ba wurin zaman Musulmi ba ne, Kawu," in ji shi. "Amma ba zan ce maka ban je ba."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ashe duk cika bakin nan da ya dame ni da shi a mota, da katakon, da murhun, da masu goge, labarin kaɗaici yake ba ni, ni kuma ina jin fariya.

Baba ya murza carbinsa. Can ya ce, da suna hanyar zuwa, a wani gari a Sudan, mahaifiyarsa ta kwanta ciwo. Wata mai shayi a tashar mota ta ba su inuwar rumfarta har ta samu sauƙi. Ba ta san su ba, ba su jin harshenta, ba su kuma tambaye ta addininta ba. Ya ce har yau irin haɗin shayinta yake so, shi ya sa duk gidan ba mai iya yi masa yadda ya gamsu. Ni da aka haifa a gidan, ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar.

"Na san baƙunta," in ji Baba. "Amma ka ji ni da kyau, ya waladi. Zama inda ake shan giya ban yarda da shi ba, ko Zamzam kake sha a wurin. 'Yata ba za ta zauna a ɗaki tana jiran miji ya dawo daga can ba."

"Na bari, Kawu."

"Ban ce ka bar tsohon Baturen ba. Ka kira shi gidanka, ka zaunar da shi, ka zuba masa gahawa. Abin da ya yi maka ba a mantawa da shi."

Sai ya sunkuya ya ɗauki finjalin nan da ke cike, ya yi bisimilla, ya shanye shi tas, ya girgiza, ya ajiye.

"Da ka ce mini a Kano ka koya, da na tashi kamar yadda finjalinka ya ce, kuma da ba ka sake ganina a kan wannan magana ba. Ka ce wa yayata ta turo magabatanka."

Tsohon Basakkwace ya ce alhamdu lillahi, ya shanye nasa shi ma. A bayan ƙofa na ji takun gudu ya yi cikin gida. Taubashina ya shiga zuba wa Baba godiya. Ni kuwa na lallaɓa na ɗauki faranti zan fice, sai na ji muryar Baba a bayana.

"Kai kuma, zauna."

Na zauna.

"Inuwarka a jikin bango take, duk inkiyar da ka yi na gani. Wa aka ba amanar koya masa?"

Na ce ai Baba taubashina ne. Ya ce ya sani, shi ya sa ma ba zai shiga tsakaninmu ba. Ya ɗaga murya ya ce a sake dafo gahawa a cika babbar dalla. Ƙanwata ce ta dafa da hannunta, kuma na rantse duk citta da kanumfarin da ke gidan sai da ta juye a ciki. Da aka kawo, Baba da kansa ya tsayar da taubashina, ya sa masa dalla a hagu, finjali a dama, ya nuna masa iya inda ake tsayawa.

"Yawwa, haka ake yi. To zuba wa ɗan'uwanka, ka koyi hannu. Yau girgizarsa ba ta aiki."

Ya kuwa koyi hannu a kaina. Na girgiza finjali, na girgiza kai, na girgiza duk abin da ke girgizuwa, shi ko yana tsaye a kaina cikin ladabi yana nazarin fanka. Tsohon yana gefe yana cewa ƙara mishi, wanga ma na so. Kiran sallar magariba ne ya cece ni. Washegari na ɗauki wasu masu Umara daga Aziziyya, hannuna yana rawa a kan sitiyari, har wata Hajiya ta tambaye ni ko ina da ciwon sukari.

An ɗaura aure bayan Hajjin shekarar, ta bi shi can. Cikin kayanta har da dalla da finjalai, Baba ne ya saya da kansa. Ta ce mini tsohon Baturen yana hawowa duk ƙarshen mako, wani lokaci da abokansa, su zauna a ƙasa suna ƙorafin gwiwa suna cin dabino. Ni kam ta daɗe ba ta yi mini magana ba, sai da ta haihu aka sa ni cikin masu yi wa jariri addu'a ta waya.

Tsiyar taubashi ban daina ba, ba kuma zan daina ba, hakkina ne. Amma na koyi abu a ranar. In mutum ya dame ka da yabon wani wuri, kafin ka yi masa dariya ka tambaye shi abin da ya same shi a can. Kuma ni da nake ganin na fi shi sanin Baba, na fi shi sanin gari, na fi shi wayo, ƙaryar da na yi ta cusa masa da ido ita ce za ta raba shi da ƙanwata. Gaskiyar da na so ya binne ita ce ta ba shi mata.